Tambaya: zan iya dogara da awon telana wajen odar ɗamarar lema?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya a kan ɗamarar lema da jakarta, wato kayan da mai dirowa daga jirgin sama yake goyawa a baya, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka su haska mini hanya kafin in kashe kuɗin da na daɗe ina tarawa.

Tun ina yaro nake ɗaga kai ina kallon ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan suna shawagi a kan unguwarmu, amma sai da karatu ya kai ni Afirka ta Kudu sannan na koyi dira da lema. Ya zuwa yanzu na yi dira 46, dukkansu da kayan haya, kuma tun da na dawo gida Zariya sau biyu a shekara nake samun komawa. Tsayina mita 1.88 ne, nauyina kilo 71, saboda haka duk inda na je babbar ɗamara ake miƙo mini. Ina tsaye a ƙasa ba na jin wani aibu a jikinta, amma da zarar lema ta buɗe sai maɗaurin ƙirji ya hauro har kusa da maƙogwarona, mariƙan nan biyu na gaggawa, wato na sakin babbar lema idan ta ƙi buɗewa daidai da na buɗe lemar ko-ta-kwana, su bar inda hannuna ya saba samun su, maɗauran cinya kuwa, ko na ja su har ƙarshe, ba sa kama ni sosai. Kafin in taka ƙasa ƙafar hagu ta fara mutuwa, washegari kuma in tashi da kwanciyar jini a matsematsi.

Wannan ya sa na yanke shawarar yin odar ɗamara da jaka na kaina, waɗanda za a ɗinka daidai jikina. Na sauko da takardar awo daga shafin kamfani, na kai wa telan da ke yi mini ɗinki tun ina sakandare, ya auna ni. Da na dawo gida na sa abokina ya sake aunawa, sai muka tarar da bambancin inci uku a ƙirji da inci biyu a ƙugu. Yanzu na rasa wanda zan aika. Tambayoyina uku ne. Shin awon tela ya wadatar? Shin zobban ƙugu da na ƙirji da ƙarin soso da ake cajin kuɗi daban a kansu suna kawo sauƙi na gaske, ko kwalliya ce? Sannan idan kayan suka iso da ɗan kuskure, zan iya kai wa masu ɗinkin tamfol da kujerun mota a Sabon Gari su rage mini, tunda kekunansu suna cin kauri?

Bazazzage a Dubai ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce wadda ke iya cin rai. Kada allurar kowa ta taɓa wannan ɗamara in ba ta kamfanin da ya ɗinka ta ba, ko ta babban mai gyaran lema wanda ke da lasisin yin irin wannan aiki. Maɗauran nailan da ake haɗa ɗamara da su kowanne yana da lamba da ƙarfin da aka gwada shi a kai: mai lamba 7 yana jure kimanin kilo 2,700, mai lamba 8 kuma kimanin kilo 1,800. Amma ƙarfin maɗauri ba ya amfanar da komai idan mahaɗarsa ta ɓalle, kuma mahaɗar nan da zare na musamman ake ɗinka ta, a kan tsari da yawan ɗinki da aka ƙayyade. Mai ɗinkin tamfol zai yi maka aiki mai kyan gani, sai dai bai san waɗannan ƙa'idoji ba, kuma duk ramin da allurarsa ta huda ba bisa tsari ba rauni ne da ba za ka gani da ido ba sai ranar da lema ta buɗe da ƙarfi.

Game da ciwon da ka bayyana, ina kyautata zaton tsayinka a ƙafa yake, gangar jikinka kuwa gajera ce idan aka gwada da tsayin. Masu ba da haya suna dubanka daga sama zuwa ƙasa su miƙo maka babbar ɗamara, alhali ɗamara ba ruwanta da tsawon ƙafa. Abin da ya fi komai muhimmanci a cikinta shi ne maɗauran nan biyu na tsaye da suka sauko ta gaba daga kafaɗa zuwa ƙugu, waɗanda su ne ke ɗauke da nauyinka. Idan suka yi maka tsawo, da lema ta buɗe sai ka zurma ciki kamar yaron da aka goya da sakakken zane, komai ya haura sama ya bar ka, har da maɗaurin ƙirji da mariƙan gaggawa. Idan kuma suka yi gajarta, sai ka ga mutum ya ranƙwafa yana tafiya zuwa jirgi kamar mai ɗauke da buhun masara, kafaɗunsa na ciwo, kuma ya kasa banƙarewa yadda ake so a cikin iska. Cinyarka ma siririya ce, shi ya sa sosan da ke jikin maɗaurin yake haɗuwa baki da baki kafin maɗaurin ya matse, daga nan ko ka ja ba ya ƙara tafiya. Maɗaurin da bai kama ba yana zamewa ya fizgi matsematsi lokacin buɗewa, wannan ne tushen kwanciyar jinin. Ka kuma lura ko hagu da dama suna zama daidai, domin idan ɗaya ya fi ɗaya sakewa, nauyi yana taruwa a cinya guda, lemar ma takan riƙa karkata da kanta.

Sai batun tela. Ba na shakkar gwanintar telolin Zazzau, garin da ake zuwa daga nesa neman aikin babbar riga, amma hannun tela ya saba da barin sarari domin iska ta shiga, ɗamara kuwa jikin kansa take nema, ba ragi ba ƙari. Ban da haka, wasu daga cikin awon ba a yin su a shagon ɗinki sam, musamman awon ganga, wanda kamfanoni da dama ke ɗauka daga ɗan ramin da ke ƙasan maƙogwaro zuwa saman ƙashin ƙugu. Kuskuren inci ɗaya a wannan wuri ya isa ya mayar da kai cikin halin da kake gudu. Kowane kamfani kuma da inda yake ɗora tef ɗinsa: takardar United Parachute Technologies, masu yin Vector a garin DeLand na jihar Fulorida, ba ta zama ɗaya da ta Sun Path, masu yin Javelin a Raeford ta Arewacin Karolina ba, don haka kada ka kwashe lambobin wannan ka zuba a takardar wancan. Shawarata ita ce ka jira tafiyarka ta gaba, dillalin kamfanin ko mai gyaran lema na filin da kake dira ya auna ka, kana tsaye a miƙe, ba ka kumbura ƙirji ba, ba ka haɗiye tumbi ba, sanye da irin tufafin da takardar ta ce. A maimaita kowane awo sau biyu, ka kuma haɗa da hotunanka na gaba da na gefe, domin mai yankan ya ga sigar jikin da lambobi ba sa nunawa. Kada kuma ka auna a ƙarshen azumi idan kana cikin masu zubewa a Ramadan.

Zobban ƙugu ba kwalliya ba ne. Suna barin maɗaurin cinya ya juya tare da ƙafa maimakon ya lanƙwashe, za ka kuma ji amfaninsu a mintocin da kake a takure cikin jirgi yana hawa zuwa mita 4,000, da kuma lokacin tafiya. Zobban ƙirji kuwa ni ban ga sun biya kuɗinsu ba, ko da yake ina da abokai da ba sa yarda da ni a kan haka. Abin da zan ce ka ba muhimmanci shi ne maɗauran kwiɓi, waɗanda ke riƙe ƙasan jakar a jikin bayanka. Ga siririn mutum irinka, ka nemi irin waɗanda ake fito da su daga cikin bayan jakar maimakon daga gefenta, domin suna rungumar ƙugu, ba sa barin jakar ta yi lilo. Jakar da ke lilo tana tafiya da mariƙin 'yar lemar nan da kake jefawa ta jawo babbar, kuma mutumin da ke faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa ba shi da lokacin laluben mariƙi. Sosan baya mai ramuka yana rage gumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa mai zafi, amma ƙarin soso ba ya gyara ɗamarar da aka yanka ba daidai ba.

Tsohon Saje daga Basawa ya rubuta:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata. Ni ban taɓa yin irin dirarku ta wasa ba. Tamu ta soja ce, wadda muka koya a Jaji: lema mai da'ira a baya, ta ko-ta-kwana a gaba a kan tumbi, igiya a maƙale da jirgi tana buɗe maka da zarar ka fita, ɗamara kuma iri ɗaya ce ga kowa, kai ne za ka ja maɗaurai har ta zauna maka. Duk da haka akwai abu guda da na tabbata bai canza ba, shi ne cewa ba a sanin ɗamara a tsaye, sai a rataye. Kafin a bar mu mu kusanci jirgi sai an rataye mu a ɗamara a ƙasa, ƙafa ba ta taɓa komai, a nan ne kowa yake gane inda take cizonsa.

Na taɓa sassauta maɗauran cinyata da kaina saboda zaman jira ya yi tsawo kuma sun dame ni, na ce zan matse kafin a tashi, sai na manta. Abin da na ji lokacin da lemar ta buɗe ba zan iya rubuta shi a zauren da mata da yara ke karantawa ba, amma na yi kwana uku ina tafiya kamar wanda ya sauko daga kan raƙumi. Laifina ne, ba na kowa ba. Saboda haka idan kayanka suka iso, kada ka tsaya gaban madubi ka ce sun yi. Ka sa a rataye ka na wasu mintoci, ka duba inda maɗaurin ƙirji ya tsaya, ka rufe ido ka kai hannu kan kowane mariƙi. Ɗamarar da ta yi daidai takan ɗan takura mutum yana tsaye, kada wannan ya tsorata ka.

Wata magana kuma, tunda a Zariya za ka riƙa ajiye su tsakanin tafiya da tafiya: nailan ba ya shiri da rana, ba ya shiri da ruwan batir. Kada ka bar su a but ɗin mota, musamman a zafin bazara, kada kuma ka jingine su kusa da batiran sola ko jarkar fetur. Ka sa su cikin jaka mai rufi saboda ƙurar hunturu, a wuri mai iska inda ɓera ba ya kaiwa.

Yayar Amira ta rubuta:

Ƙanena, duk abin da Yaya na Dubai da Baba Saje suka faɗa a kan awo gaskiya ne, amma ni ina da ja a kan odar ita kanta, kuma ina mamakin yadda ba wanda ya tambaye ka girman lemar da kake tashi da ita. Ɗamara da jaka a haɗe ake ɗinka su, sai dai awonsu biyu ne: ɗamara ana yanka ta daidai jikinka, jaka kuwa daidai lemomin da za su shiga cikinta, babbar da ta ko-ta-kwana. Jaka ɗaya girma biyu ko uku kawai take karɓa. Wanda ke da dira 46 yawanci yana kan babbar lema ne, mai faɗin murabba'in ƙafa 210 ko 190, kuma mafi yawan mutane suna rage girma sannu a hankali yayin da hannunsu ke faɗawa. Idan ka ɗinka jaka daidai lemar yau, wataƙila ta yi maka yawa nan gaba. Idan kuma ka ɗinka ta daidai lemar da kake mafarki, wanda shi ne kuskuren da samari suka fi yi, to ko dai ka cusa babbar lema cikin ƙaramar jaka, ko ka sauka zuwa ƙaramar lema kafin lokacinka, kuma na biyun ya karya ƙafafu da yawa.

Cusawar ma ta shafi jin daɗin da kake nema. Jakar da aka cika fiye da kima takan zama kamar bulo a baya, ta ƙi bin lanƙwasar gadon baya, ta ja kafaɗu, marufanta su riƙa buɗewa, ko da kuwa ɗamarar daidai take. Wadda ta yi wa lema yawa kuma igiyar rufinta ba ta samun matsin da zai riƙe fil ɗin da ke kulle jakar, sai a wayi gari lema ta fita ba a kira ta ba. A ɓangaren ta ko-ta-kwana akwai iyaka: ƙarfin da ake buƙata a zare fil ɗinta bai kamata ya wuce kimanin kilo 10 ba, shi ya sa ba a wasa da girman da kamfani ya rubuta. Ka zaɓi girman ta ko-ta-kwana da farko, wadda za ta iya sauke ka lafiya ko a sume kake bayan na'urar da ke buɗe ta da kanta, irin su Cypres ko Vigil, ta buɗe maka, sannan a nemi jakar da ta dace da ita.

Ni da ta hannu na fara. Na sami jakar da ta dace da lemomina, mai gyaran lema ya duba ta ciki da waje, aka aika wa kamfanin da ya yi ta ya sake yanka ɗamarar daidai jikina, kuɗin kuma bai kai na sabuwa ba. Sai da na wuce dira 200 na yi odar tawa. A lokacin na riga na san abin da jikina ke so, domin mu mata awonmu ya fi wuya: ƙugu ya fi faɗi, kafaɗa ta fi ƙanƙanta, wuyan jakar kuma, wato sashen da ke zagaye bayan wuya ya sauka kan kafaɗu, idan ya yi faɗi zamewa yake yi daga kafaɗa, ga batun inda maɗaurin ƙirji zai zauna. Kai ma kafaɗarka ba mai faɗi ba ce idan na yi la'akari da nauyinka, saboda haka ka tambayi faɗin wuyan jakar, kada ka tsaya a kan tsawon maɗaurai kawai. Tunda sau biyu kake zuwa a shekara, ka tuna lemar ko-ta-kwana tana da wa'adin sake naɗewa, wanda a Amurka kwana 180 ne, kowace ƙasa kuma da nata, don haka kusan kowace tafiya sai ka fara biyawa ta wurin mai gyaran lema.

Tela daga Ƙofar Doka ya rubuta:

Malam, ni ban san lema ba, amma na shekara fiye da 30 ina riƙe da tef, kuma ina so in wanke ɗan'uwana tela. Inci ukun da ka gani ba kuskure ba ne, sarari ne. Idan muka auna ƙirjin mutum domin kaftani, yatsunmu suna cikin tef, kuma lambar da muke rubutawa ta riga ce, ba ta jiki ba. Da ka ce masa awon jiki zalla kake so, da ya ba ka shi daidai, domin ƙirji da ƙugu da cinya da tsawon ƙafa ba baƙinmu ba ne. Amma wancan awo na maƙogwaro zuwa ƙashin ƙugu, gaskiya ba ma yin sa, kuma abin da ran mutum zai rataya a kai ba zan so a ce daga littafina aka kwafe shi ba.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba tela, ka yi gaskiya, ban gaya masa komai ba, takardar kawai na miƙa masa. Yayar Amira, lemar da nake tashi da ita mai 210 ce, kuma ba zan ɓoye ba, jakar da na cike a takardar odar ta mai 150 ce, saboda ita na ga tana yi wa mutane kyau a baya. Na janye wannan. Zan koma a watan Disamba in Allah ya yarda, zan sa a auna ni a can, in kuma tambayi malamin da ya koyar da ni girman da ya dace. Abin da ya rage mini shi ne, idan na sami ta hannu wadda jakarta ta dace, ta yaya zan gane ko ɗamarar tana kusa da jikina har ta cancanci a gyara?

Bazazzage a Dubai ya rubuta:

Na karɓi gyaran Hajiya, ya kamata in fara da tambayar girman lemar. Game da ta hannu, kowace jaka tana da takardar shaida a ɗinke a jikinta, mai ɗauke da lambarta da lokacin da aka yi ta. Ka karɓi lambar daga mai sayarwa, ka aika wa kamfanin tare da sabon awonka, su za su duba girman da aka yanka ta tun farko su gaya maka ko ta yi, ko tana gyaruwa, da abin da gyaran zai ci. Maɗauran tsaye da na cinya da na kwiɓi ana iya sauya su, amma wuyan jakar da tsawonta a gadon baya suna nan yadda aka yanka su, don haka su za ka fara dubawa. Kada ka biya sai mai gyaran lema wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwar ya duba ta.

Idan ta zo hannunka, ka gwada ta da lemomin a naɗe a ciki, domin jakar da babu komai a cikinta kowa take yi wa daidai. Ka fara matse maɗauran cinya daidai da juna, sannan na ƙirji, ka tabbata ya bi ta cikin ƙarfensa yadda ya kamata. Manyan zobban nan na tsarin zobba uku da Bill Booth ya ƙirƙiro, wanda ke haɗa babbar lema da ɗamara, su zauna a gaban kafaɗa, ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, kada su koma can saman kafaɗa. Ka banƙare, ka tsuguna, ka zauna a ƙasa kamar kana cikin jirgi, ka kai hannun dama ƙasan jakar ka ji ko mariƙin yana inda kake tsammani. Ka sa wani ya kama jakar ya girgiza ta hagu da dama, ya kuma gwada zame maɗauran daga kafaɗarka. Bayan haka sai ratayar da Baba Saje ya faɗa, ka ɗan tura maɗauran cinya gaba ka zauna a cikinsu kamar kujera, ka ƙirga minti biyar kana lura da ƙafar hagun nan.